Harshen Python da Bashin da Ya Ci: Tarihin Shekara Talatin da 'Yan Kai

A cikin watan Disamba na shekarar 1989 aka rufe ofisoshin wata cibiyar binciken lissafi da ilmin kwamfuta da ke birnin Amstadam na ƙasar Holan, wadda ake taƙaita sunanta da CWI, domin hutun Kirsimeti. Wani ma'aikacin cibiyar mai suna Guido van Rossum, wanda yake da shekara 33 a lokacin, ya zauna gida yana neman abin da zai ɗebe masa kewa, sai ya soma rubuta wani sabon harshe na umartar kwamfuta wanda ya daɗe yana tunaninsa. Ba gwamnati ce ta sa shi ba, ba kuma wani kamfani ne ya ba shi kwangila ba. Wannan aikin hutu shi ne ya zama harshen Python, wanda a watan Oktoba na 2021 ya hau matsayi na ɗaya a ma'aunin TIOBE na farin jinin harsunan kwamfuta, ya ture C da Java waɗanda suka shafe shekara ashirin suna karɓa-karɓa a wannan matsayi. Tarihin yadda aka yi haka tarihi ne na wani ciniki da aka ƙulla tun ranar farko: an saya wa ɗan Adam sauƙi, an bar biyan kuɗin sai gaba.

Wajibi ne a fara da bayanin abin da ake nufi da harshe a nan. Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Abin da take ganewa shi ne jerin lambobi na sifiri da ɗaya. Mutum kuwa ba zai iya zama yana rubuta miliyoyin irin waɗannan lambobi ba tare da ya ruɗe ba. Saboda haka masana suka ƙago wasu harsuna na rubutu masu tsayayyun ƙa'idoji, waɗanda mutum zai iya karantawa, sa'an nan wata manhaja ta juya su zuwa lambobin da na'ura take ganewa. Juyawar nan iri biyu ce. Akwai wadda ta yi kama da aikin mai fassara littafi, wanda zai karɓi rubutun dukansa, ya fassara shi daga farko har ƙarshe, kafin kowa ya yi aiki da shi. Akwai kuma wadda ta yi kama da aikin tafinta a kotu, wanda yake juya magana a daidai lokacin da ake yin ta. Python ya fi kusa da hanyar tafinta. Wasu harsuna an yi su ne domin aiki guda, kamar SQL da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Python kuwa yana cikin harsunan da ake kira na kowane aiki, watau da shi za a iya lissafin albashi, a gina shafin intanet, a kuma auna tafiyar taurari.

Babbar gardamar da ta raba masu ƙera harsuna gida biyu tun shekarun 1950 ita ce maganar jinsi. Duk abin da kwamfuta ta ajiye yana da jinsinsa: ko cikakkiyar lamba ce, ko lamba mai ɗigo, ko rubutu, ko jerin abubuwa. Ana tara lamba da lamba, ana haɗa rubutu da rubutu, amma raba sunan mutum gida uku ba shi da ma'ana. Tambayar ita ce, yaushe za a tabbatar da jinsin abu, kuma wa zai tabbatar? Gida na farko suka ce tun ran gini ran zane: mai rubutu ya bayyana jinsin kowane suna tun kafin a fara aiki, mai fassara kuma ya bincika, in ya ga saɓani ya ƙi fassarawa. Misalinsa kamar sito ne wanda aka rubuta wa kowane rumbu abin da za a zuba masa. Rumbun gero ba ya karɓar gishiri. Harshen FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM cikin 1957, ya bi wannan hanya har ta kai duk sunan da ya fara da harafi daga I zuwa N ana ɗaukarsa cikakkiyar lamba ce, sai fa in an faɗi akasin haka. Pascal na Niklaus Wirth, wanda ya fito a 1970, ya ƙara tsananta ƙa'idar, haka kuma C da Java suka gaji wannan gida.

Gida na biyu kakansu shi ne LISP, wanda John McCarthy ya ƙago a jami'ar MIT ta Amurka cikin 1958. A wannan gida suna ba rumbu ba ne, 'yar takarda ce kawai da ake ɗaura wa buhu. Jinsi yana jikin buhun, ba jikin takardar ba, kuma ana iya kwance takardar a ɗaura wa wani buhun a kowane lokaci. Alal misali, a Python mutum yana iya rubuta kuɗi = 500, can gaba kuma ya rubuta kuɗi = "ɗari biyar", harshen ba zai ce uffan ba. Sai a lokacin da aka zo aikata wani abu da wannan suna ne tafinta zai leƙa buhun ya ga abin da ke ciki. Wannan shi ne tantance jinsi a lokacin aiki. Smalltalk na shekarun 1970 ya bi wannan hanya, haka ma Perl na 1987, da Ruby da JavaScript na 1995.

Amma fa kada a ɗauka 'yan gida na biyu duk halinsu ɗaya. Idan aka ce wa Perl ya tara rubutun "3" da lamba 4, zai mai da rubutun lamba ya ba da 7. Idan aka ce wa JavaScript, zai mai da lambar rubutu ya liƙa su ya ba da "34". Python kuwa sai ya tsaya cik, ya ce ba ya haɗa rubutu da lamba sai an faɗa masa abin da ake nufi. Duk akawun da ya taɓa ganin yadda kuskuren alƙalami guda yake ratsa litattafan kuɗi na shekara ba tare da kowa ya lura ba, zai san wanne ya fi alheri cikin ukun nan. Kuskuren da ya yi ƙara ya fi wanda ya yi shiru.

Python bai faɗo daga sama ba. Van Rossum ya gama digirinsa na biyu a fannin lissafi da ilmin kwamfuta a Jami'ar Amstadam cikin 1982, ya kama aiki a CWI, aka sa shi cikin ƙungiyar da take gina wani harshe mai suna ABC, tare da Lambert Meertens da Leo Geurts da Steven Pemberton. Manufar ABC ita ce a samar wa masu ilmi waɗanda ba sana'arsu ce kwamfuta ba, kamar likita ko masanin kimiyya, harshen da za su koya cikin 'yan kwanaki. An yi masa tsari mai kyau ƙwarai, an gwada shi a kan masu koyo, an gyara. Duk da haka bai ci kasuwa ba. Dalilan faɗuwarsa su ne darasin farko da van Rossum ya ɗauka. ABC ya kasance kamar gida ne mai kyau wanda aka kewaye da katanga ba ƙofa: ba shi da sauƙin ma'amala da fayilolin da ke cikin kwamfuta, ba a iya ƙara masa sabon sashe daga waje, ya kuma sauya wa abubuwan da masu sana'a suka saba da su sunaye, har suka ji shi baƙo. Daɗin daɗawa, a zamanin intanet ba ta yaɗu ba, duk mai son harshen sai an kai masa shi a kan faifai.

Wajen 1986 van Rossum ya koma wani aikin, na Amoeba, watau wata babbar manhaja da ake so ta haɗa kwamfutoci da yawa su yi aiki kamar guda, wadda Andrew Tanenbaum na jami'ar Vrije ya jagoranta tare da haɗin guiwar CWI. A nan ya ga wani giɓi. Rubuta ƙananan kayan aikin gudanarwa da harshen C yana cin lokaci, gajerun umarnin Unix kuwa ba su da ƙarfin ɗaukar aikin. Ana bukatar wani abu a tsakani. Don haka da ya zauna a hutun 1989, sai ya ɗebo abin da ya ga yana da kyau a ABC, ya watsar da katangar. Ya riƙe dabarar nan ta shigar da layi ciki domin nuna umarnin da ke ƙarƙashin wani, maimakon baka-baka da sauran harsuna suke amfani da su, abin da ya tilasta wa kowane marubuci tsara rubutunsa yadda ido zai bi. Ya riƙe jeri da ƙamus a matsayin kayan aikin da harshen ya zo da su. Daga Modula-3 ya aro dabarun rarraba manhaja sassa-sassa da na tarbar kuskure. Abin da ya fi duka muhimmanci, ko da yake a lokacin ba wanda ya san haka, shi ne ya bar ƙofa a buɗe yadda kowa zai iya rubuta sabon sashe da harshen C ya jona shi da Python.

Sunan kuwa, ko da yake a Turance yana nufin mesa, kuma tambarin harshen macizai biyu ne, ba daga maciji aka samo shi ba. Van Rossum mai sha'awar wani wasan barkwanci ne na talabijin ɗin BBC, Monty Python's Flying Circus, wanda aka nuna daga 1969 zuwa 1974, daga nan ya tsinko sunan.

A watan Fabrairu na 1991 ya saki bugu mai lamba 0.9.0 ga duniya kyauta, kowa ya ɗauka, ya duba cikinsa, ya gyara. Bugu na 1.0 ya fito a Janairun 1994. A watan Nuwamba na wannan shekara aka yi taron farko na masu amfani da harshen a hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, a garin Gaithersburg, mahalarta ba su wuce kimanin ashirin ba. A 1995 van Rossum ya ƙaura Amurka ya kama aiki a CNRI, wata cibiyar bincike da ke Reston a jihar Bajiniya. A shekarar 2000 shi da 'yan ƙungiyarsa suka bar CNRI zuwa kamfanin BeOpen, inda aka fitar da bugu na 2.0 ranar 16 ga Oktoba, kafin shekarar ta ƙare kuma suka sake ƙaura zuwa Digital Creations. Wannan yawo ya jawo taƙaddama a kan lasisi da kuma tambayar wa ya mallaki harshen, abin da ya sa a 2001 aka kafa gidauniya mai zaman kanta, Python Software Foundation, ta riƙe haƙƙin mallakar. A wannan tsakani ne kuma aka ɗauki al'adar rubuta kowace shawarar sauyi a takarda mai lamba, wadda ake kira PEP, a yi muhawara a kanta a fili, sa'an nan van Rossum ya yanke hukunci. Abokan aikinsa sun laƙaba masa, cikin raha, sarautar mai mulkin kama-karya na alheri har iyakar rai.

To, kowane allazi da nasa amanu. Bashi na farko da Python ya ci shi ne na sauri. Idan harshen C zai tara lambobi miliyan, ya riga ya san tun farko cewa lambobi ne, sai ya bi su a guje. Tafintan Python kuwa sai ya tsaya a kan kowace guda ya leƙa buhu, ya tabbatar lamba ce, ya nemo hanyar tarawa da ta dace da ita, sa'an nan ya tara. Ya maimaita haka sau miliyan. A irin wannan aiki yakan ninka C jinkiri sau goma-goma. Bisa ga wannan, da an tambayi masana a 1991 wane harshe ne ba zai taɓa shiga ɗakin binciken kimiyya ba, da sun nuna Python.

Abin da ya faru akasin haka ne, kuma ƙofar nan da aka bari a buɗe ita ce sanadi. A 1995 Jim Hugunin, yana ɗalibi a MIT, ya jagoranci rubuta wani sashe mai suna Numeric, wanda yake ajiye lambobi masu jinsi ɗaya a jere, ya miƙa aikin lissafinsu ga umarnin da aka rubuta da C. Masanin kimiyya sai ya rubuta layi guda mai sauƙi da Python, nauyin kuwa C da FORTRAN suke ɗauka a bayan fage. Watau Python ya zama kamar shugaban ma'aikata ne wanda ba ya ɗaukar kaya da kansa, amma ya san wanda zai aika. Travis Oliphant ya haɗe Numeric da kishiyarsa numarray ya fitar da NumPy a 2006. John Hunter ya fara matplotlib na zana jadawali, Fernando Pérez ya fara IPython a 2001 wanda daga baya ya haifi Jupyter, Wes McKinney ya fara pandas a 2008 domin sarrafa teburorin alƙaluma. A kan wannan harsashi ne Google ya ɗora TensorFlow a 2015, Facebook kuma ya biyo da PyTorch, waɗanda da su ake horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Masanan da suka gano girgizar sararin samaniya a cibiyar LIGO cikin 2015, da waɗanda suka fitar da hoton farko na baƙin rami a Afrilun 2019, duk sun yi aiki da waɗannan kayan. Wani abin lura shi ne, wajen ƙarshen shekarun 2000 jami'ar MIT kanta, mahaifar LISP, ta sauke Scheme, wanda jikan LISP ne, daga darasinta na farko ga sababbin ɗalibai, ta ɗora Python. Gaskiyar magana dai ita ce ba a biya bashin sauri ba, an dai sami mai tsaya wa ne. Kuma abin da ya tsaya ɗin harshe ne na gida na farko.

Bashi na biyu shi ne ya kusa rusa gidan, kuma a nan mai rubutu da Hausa yana da abin cewa, domin ya ɗanɗana matsalar da kansa. Kwamfuta tana ajiye kome a cikin ƙunshi-ƙunshi na lambobi takwas na sifiri da ɗaya, kowane ƙunshi ana kiransa bayit. Tsarin ASCII, wanda Amurkawa suka fitar a 1963, ya ba alamomi 128 lambobi, kowace alama ta shiga cikin bayit guda. Haruffan Turanci duk suna ciki. Ɓ da ɗ da ƙ ba sa ciki, haka ƴ da ake rubutawa a Nijar, balle haruffan ajami. Python ya taso ne da zaton cewa harafi ɗaya bayit ɗaya ne, saboda haka ya ba rubutu da tarin bayit jinsi guda. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991 domin ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa, ya rushe wannan zato. A hanyar ajiya ta UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, harafin k bayit ɗaya yake ci, ƙ kuwa biyu. Haruffan ajami biyu-biyu suke ci, wasu ma uku.

Ga yadda abin yake a aikace. Idan aka ba Python na 2 kalmar ƙasa a rubutunsa na yau da kullum aka ce ya ƙirga tsawonta, sai ya ce 5. Kalmar ɗaɗɗaya, mai harafi 7, sai ya ce 10. In aka ce ya mai da ƙasa manyan baƙaƙe, sai ya gyara ukun ƙarshe ya bar ƙ yadda take, domin bai san harafi ba ce. In aka ce ya yanko harafin farko, sai ya yanko rabin ƙ, abin da ba ya karantuwa. Ma'aikacin da yake shirya rajistar sunayen ɗalibai ko ta masu karɓar fansho, wadda take cike da Ɗanladi da Ɗahiru da Ƙanƙara, ya san wannan ba wasa ba ne. Wanda kuma ya gaji ya cire lanƙwasar ya rubuta kasa a madadin ƙasa, ya gudu ne bai tsira ba. Gaskiya ne bugu na 2.0 ya ƙara wani jinsi na dabam domin Unicode, amma sai ya zamana akwai jinsin rubutu biyu, harshen kuma yana juya ɗaya zuwa ɗaya a ɓoye bisa zaton ASCII. Manhaja sai ta yi shekara tana aiki lafiya a hannun Ba'amurke, ranar da aka shigar mata da suna mai lanƙwasa sai ta faɗi. Harshen da ya ƙi haɗa "3" da 4 ya shafe shekaru yana haɗa rubutu da bayit ba tare da ya tambayi kowa ba.

Van Rossum da abokansa suka yanke shawarar gyara abin daga tushe, ko da kuwa tsofaffin manhajoji za su daina aiki. Ranar 3 ga Disamba 2008 aka fitar da Python na 3. A cikinsa rubutu jinsinsa dabam, bayit jinsinsa dabam, ba a haɗa su sai da izini. Ƙasa ta koma harafi 4, manyan baƙaƙenta kuma ƘASA. An kuma yarda a sa wa abubuwa suna da haruffan kowane harshe, shi ya sa misalin kuɗi da aka kawo a baya yake aiki da ɗ ɗinsa. Tun da an riga an taɓa gini, sai aka gyara wasu wuraren: a da in aka raba 7 da 2 sai a sami 3, yanzu 3.5 ake samu. Umarnin buga rubutu ma aka sauya masa siffa.

Hukuncin daidai ne, amma lissafin lokacin ya kuskure ƙwarai. Masu gyaran sun zaci cikin 'yan shekaru kowa zai ƙaura, sun kuma tanadi wata manhaja mai suna 2to3 da za ta juya tsohon rubutu zuwa sabo. Sai dai a nan ne bashin ya nuna fuskarsa. Tun da ba a rubuta jinsin kome a tsohon rubutun ba, manhajar ba ta da hanyar sanin ko wannan suna rubutu yake ɗauke da shi ko bayit. Sai mutum ya bi layi-layi da idonsa. Kamfanonin da suke da miliyoyin layuka suka ƙi motsi. Masu rubuta sassan taimako suka ce sai jama'a sun ƙaura za su ƙaura, jama'a kuma suka ce sai sassan sun ƙaura. Aka fitar da 2.7 a watan Yuli na 2010 a matsayin bugu na ƙarshe na tsohon layi, da niyyar daina kula da shi a 2015. A 2012 aka sassauta, bugu na 3.3 ya dawo da wata tsohuwar alama domin a iya rubuta manhaja guda da za ta yi aiki a ɓangarorin biyu. A 2014 van Rossum ya ɗaga wa'adin zuwa 2020. Sai ranar 1 ga Janairu 2020 aka yi sallama da Python na 2, watau shekara goma sha ɗaya bayan fitowar magajinsa. Wasu harsunan sun shiga irin wannan rami ba su fito da ƙarfinsu ba. Perl ya sanar da bugunsa na 6 a shekarar 2000, bai fito ba sai 2015, a ƙarshe ma aka sauya masa suna zuwa Raku a 2019. Abin da ya ceci Python shi ne, a daidai shekarun rikicin ne ɗimbin ɗalibai da masana kimiyya suke kwararowa cikinsa, waɗanda ba su da tsohon kaya da za su yi wa kuka.

Bashi na uku yana da nasaba da na biyu. Rashin bayyana jinsi daɗi ne ga mutum ɗaya mai layi ɗari, amma azaba ce ga ma'aikata ɗari masu layi miliyan. Wanda ya gaji rubutun wani ba ya sanin abin da ake so ya miƙa wa kowane sashe, kuskure kuma yana iya kwanciya a wani lungu da ba a cika bi ba, sai ranar da aka bi. Shekaru da yawa maganin da aka dogara da shi shi ne rubuta gwaje-gwaje masu yawa. A 2006 Jeremy Siek da Walid Taha suka gabatar da ra'ayin cewa ba dole ba ne a zaɓi gida guda, ana iya bayyana jinsi a wani ɓangaren manhaja a bar wani. Wani ɗan ƙasar Finlan, Jukka Lehtosalo, wanda ya yi karatun digirinsa na uku a Kambirij, ya gina manhajar bincike mai suna mypy a kan irin wannan tunani. Van Rossum, wanda ya yi aiki a Google daga 2005 zuwa 2012 sa'an nan ya koma Dropbox a 2013, ya ga wahalar manyan manhajoji da idonsa, sai ya karɓi ra'ayin. Takardar PEP 484, wadda ya rubuta tare da Lehtosalo da Łukasz Langa, ta shiga bugu na 3.5 a Satumban 2015. Daga nan mai rubutu yana iya sa alamar jinsi a gefen suna in ya ga dama. Tafintan Python ba ya tilasta alamar a lokacin aiki. Manhajar bincike ce take karanta ta kafin aiki ta nuna saɓani. A 2019 Dropbox ya ba da sanarwar cewa ya bi layi miliyan huɗu na Python da wannan bincike. JavaScript ma ya bi irin wannan hanya ta TypeScript, wanda Microsoft ya fitar a 2012. Masu cewa wannan tuba ne zuwa gida na farko sun yi gaggawa, domin ɗalibin da ya fara koyo yau ba ya bukatar alamar ko guda. Amma masu cewa ba abin da ya sauya su ma ba su faɗi gaskiya duka ba, domin rubutun Python na manyan kamfanoni ya yi nisa da sauƙin da ABC ya yi mafarki.

Sarautar rahar nan ma ba ta kai iyakar rai ba. A 2018 aka kai ruwa rana a kan PEP 572, shawarar ƙara wata 'yar alama, :=, wadda take ba da damar sa wa abu suna a tsakiyar jimla. Van Rossum ya amince da ita, amma zafin sukar da ya sha ya gajiyar da shi. Ranar 12 ga Yuli 2018 ya sauka daga kujerar yanke hukunci, bai kuma naɗa magaji ba, ya bar wa masu gina harshen su nemi yadda za su mulki kansu. Bayan watanni ana tattaunawa suka zaɓi tsarin majalisar jagoranci ta mutum biyar, wadda ake sake zaɓenta lokaci-lokaci. Ya zauna a majalisar farko ta 2019, sa'an nan ya janye. Alamar da aka yi rigima a kanta ta fito a bugu na 3.8 cikin Oktoban 2019.

A wannan watan ne ya yi ritaya daga Dropbox, amma a Nuwamban 2020 ya ce zaman ya ishe shi, ya kama aiki a Microsoft, inda ya koma kan bashi na farko, watau sauri. Bugu na 3.11, na Oktoban 2022, ya fi wanda ya gabace shi sauri da kimanin kashi 25 cikin ɗari a matsakaicin awo, kuma babbar dabarar da aka yi amfani da ita ita ce tafinta ya riƙa lura da jinsin da yake yawan gani a wuri, ya shirya masa gajeriyar hanya, maimakon leƙa buhu daga farko kowane lokaci. A watan Agusta na 2023 Microsoft ya sanar da shigar da Python cikin Excel, manhajar da akawuna da jami'an ƙididdiga suka fi sabawa da ita. A Oktoban 2024 kuma bugu na 3.13 ya zo da gwajin cire wani tsohon makulli da aka sa wa tafintan tun farkon shekarun 1990, wanda yake hana shi tafiyar da umarnin Python fiye da zare ɗaya a lokaci guda, alhali kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwa sun daɗe da zama masu ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas.